Jarrabawa ta Kwamfuta: Nauyin da ke Kan Malamin Jami'a da Halin Ɗaliban Birnin Kudu da Gwaram

1.0 GABATARWA

Jarrabawa ma'auni ce, kuma kowane ma'auni yana iya cikawa, yana iya tauyewa. Mudun da aka ƙwanƙwasa gindinsa ya shige ciki, ko wane ne ya auna da shi, tauye hatsi zai yi. A 'yan shekarun nan jami'o'in Nijeriya da dama sun koma ga kwamfuta wajen jarraba ɗalibai, musamman a kwasa-kwasan aji ɗaya da na biyu da darussan gama-gari, inda malami guda kan fuskanci ɗalibai ɗaruruwa. Dalilin komawar a fili yake. Takardun da malami zai shafe makonni yana dubawa, na'ura takan gama da su kafin ɗalibi ya kai bakin ƙofa, kuma ba ta san ɗan wane ba, ba ta san 'yar wance ba.

Amma saurin dubawa daban, ingancin awo daban. Kwamfuta tana duba amsa ne da abin da malami ya zuba mata. In ya zuba daidai ta auna daidai, in ya zuba kuskure ta raba wa ɗalibai kuskuren nan kowa da kowa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana aikin da ke kan malamin jami'a kafin irin wannan jarrabawa, da ranar yin ta, da bayan an gama ta. An ɗauki ɗaliban da ke fitowa daga ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram a kudancin Jihar Jigawa a matsayin abin misali, sa'an nan an mai da hankali a kan darasin Hausa, domin yana da wasu matsaloli nasa na kansa waɗanda sauran darussa ba su da su.

2.0 ASALIN WANNAN JARRABAWA

Irin tambayar da kwamfuta ta fi iya dubawa ita ce tambayar zaɓi, wadda ɗalibai ke kira canki-canka, watau a ba da tambaya tare da amsoshi huɗu ko biyar, ɗaya ce kawai daidai. Wannan salo ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Ana danganta farkonsa ga wani malami a Amurka, Frederick Kelly, wanda ya tsara gwajin karatu a Jihar Kansas wajajen 1914 zuwa 1915. A 1917 rundunar sojan Amurka ta ɗauki salon domin tantance ɗimbin waɗanda ta ɗiba a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A ƙarshen shekarun 1930 kuma kamfanin IBM ya fito da injin da ke karanta alamar fensir a kan takardar amsa. Ke nan tun asali yawan jama'a ne ya haifi wannan salo.

A Nijeriya, hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, watau JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana amfani da tambayoyin zaɓi a kan takarda. Jami'ar Ilorin tana cikin waɗanda suka fara jarraba ɗalibansu da kwamfuta, a zamanin da Farfesa Is-haq Oloyede yake shugabantarta, daga 2007 zuwa 2012. Ita kuwa JAMB ta fara gwada kwamfuta a 2013 a ƙarƙashin Farfesa Dibu Ojerinde, inda aka bai wa ɗalibi zaɓi tsakanin takarda da na'ura, sa'an nan a 2015 aka daina takarda baki ɗaya. A 2017 hukumar ta shigo da jarrabawar gwaji kafin ta ainihi, ta kuma tsara yadda ɗalibi zai amsa tambayoyi da madannai takwas kawai ba tare da taɓa linzamin kwamfuta ba: huɗu na zaɓen amsa, sauran na ci gaba da komawa baya da miƙa aiki. Hukumar WAEC ita ma ta yi wa ɗalibai masu zaman kansu jarrabawa ta kwamfuta a karon farko a farkon 2024.

Abin lura a nan shi ne dalilin da ya sa JAMB ta ɓullo da madannai takwas da jarrabawar gwaji. Ta gano cewa akwai ɗalibai masu yawa da na'urar kanta ce ke kayar da su kafin tambaya ta kayar da su. Malamin jami'a yana gadon waɗannan ɗalibai ne 'yan watanni bayan sun fito daga zauren JAMB.

3.0 ƊALIBAN DA AKE JARRABAWA

Birnin Kudu da Gwaram duka suna cikin masarautar Dutse, a Jihar Jigawa wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991. Birnin Kudu tana kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil, kuma tsohuwar cibiyar ilimin boko ce; Kwalejin Gwamnati ta garin ta yaye fitattun mutane, ciki har da Alhaji Aliko Ɗangote. Garin yana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da makarantar koyon aikin jinya. Gwaram kuwa tana gabas da ita, a kan iyaka da Jihar Bauchi, da garuruwa irin su Basirka da Sara da Kila da Fagam da Farin Dutse, kuma akasarin mutanenta manoma ne da makiyaya. Ɗalibin da ya gama sakandare a wannan yanki, jami'o'in da ya fi nufa su ne Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, da Jami'ar Bayero ta Kano.

A aji guda na jami'a, malami zai tarar da ɗalibai iri biyu daga wannan yanki. Akwai wanda ya tashi a cikin gari, ya zauna gaban kwamfuta a makaranta ko a shagon buga takardu, hannunsa ya saba. Akwai kuma wanda ya fito daga ƙauyen da wutar lantarki ba ta zama, wanda iyakar hulɗarsa da kwamfuta ita ce ranar rajistar JAMB da ranar jarrabawarta. Wayar hannu ba ta cike wannan giɓi gaba ɗaya ba, domin shafa fuskar waya da yatsa wani abu ne, sarrafa linzami da madannai a ƙarƙashin agogo mai ƙirga daƙiƙa wani abu ne dabam.

Idan aka zaunar da waɗannan ɗalibai biyu a jarrabawar nahawun Hausa mai tambaya 60 cikin minti 45, na biyun zai iya ɓata minti biyar ko goma yana neman inda zai danna, ko ya miƙa aikinsa cikin kuskure tun bai kai rabi ba. Makin da zai fito da shi ya haɗa abu biyu: saninsa na nahawu da rashin saninsa na na'ura. Malami ya yi niyyar auna na farko, sai ya auno har da na biyu, kuma takardar sakamako ba za ta bambance su ba. Masana awon ilimi suna kiran wannan rashin sahihancin jarrabawa, watau ta auna abin da ba shi aka sa ta aunawa ba.

Maganin wannan ba mai tsada ba ne. Wajibi ne a yi wa ɗalibai gwaji aƙalla sau ɗaya a tsakiyar zangon karatu, a zauren da za a yi jarrabawar, da manhajar da za a yi amfani da ita, ba tare da makin ya shiga sakamako ba. Haka kuma ya kamata a ware 'yan mintuna a farkon jarrabawa, kafin agogo ya fara, a amsa tambayoyin share fage biyu ko uku. Da koyo akan iya, in ji Hausawa.

4.0 TSARA TAMBAYOYI

4.1 Taswirar jarrabawa

Kafin malami ya rubuta tambaya ko ɗaya, ya kamata ya zana jadawali mai nuna batutuwan kwas a gefe guda, da matakan fahimta a ɗaya gefen. A 1956 Benjamin Bloom da abokan aikinsa sun kasa fahimta mataki shida, daga tuna abin da aka karanta, zuwa gane shi, da aiki da shi, da feɗe shi, da harhaɗa shi, da yanke hukunci a kansa. Amfanin jadawalin shi ne ya hana malami tara tambayoyi a inda suka fi sauƙin rubutawa. Batun da aka yi mako uku ana koyarwa ya cancanci tambayoyi fiye da wanda aka yi a darasi guda. Ba tare da jadawali ba, jarrabawar adabi takan koma jerin sunayen marubuta da shekarun bugu, alhali kuwa ba wannan ne aka shafe zango ana koyarwa ba.

4.2 Ginin tambaya

Tambayar zaɓi tana da sassa uku: gangar jikin tambaya, da amsar gaskiya, da amsoshin ruɗi. Ƙarfinta yana ga amsoshin ruɗin. A duba wannan misali:

Wane ne ya rubuta Ruwan Bagaja?
A. Abubakar Imam
B. Mamman Shata
C. Sarauniya Amina
D. Bayajidda

Ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai ci wannan. In kuwa aka sa Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Muhammadu Gwarzo a madadin ukun nan, tambayar ta zama tambaya, domin dukkansu sun shiga gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933 tare da Abubakar Imam. Duk da haka, tunawa kawai take aunawa. Ga wadda ta haura wannan mataki:

A jimlar "Audu ya sayo goro", me wasalin ƙarshe na kalmar "sayo" yake nunawa?
A. An yi aikin a wani wuri an nufo wajen mai magana
B. An yi aikin ƙaƙaf ba a rage komai ba
C. Aikin ya yiwu sosai
D. An rabu da abin, ya bar hannun mai shi

Kowace amsar ruɗi a nan ma'ana ce ta wani rukunin aikatau na gaskiya, watau "saye" da "sayu" da "sayar". Ɗalibin da ya zaɓi B bai yi shirme ba, ya rikita rukuni biyu ne, kuma malami zai gane daga zaɓin nasa inda koyarwa ta yi rauni.

Akwai wasu ƙa'idoji da gogewa ta tabbatar. Kada amsar gaskiya ta fi sauran tsawo, domin ɗalibai sun daɗe da gano wannan sirri. Kada jinsi ko adadi a gangar jikin tambaya ya tona amsa. In aka ce "wace ce" alhali suna ɗaya ne na mace a cikin huɗun, an riga an ba da amsa. A rage tambayoyi masu korewa, in kuma dole ne, a fito da kalmar korewar da manyan baƙaƙe. A guji "duk na sama" da "babu ko ɗaya", musamman da yake manhaja tana jujjuya jerin amsoshi, sai "duk na sama" ta koma ita ce a sama.

4.3 Matsalolin da suka keɓanta da Hausa

Matsala ta farko ita ce ta baƙaƙe masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. Madannan kwamfuta da ake sayarwa a kasuwa ba su da su, kuma wasu nau'o'in rubutu na kwamfuta ba sa nuna su, sai su fito da ɗan akwati ko alamar tambaya a gurbinsu. A darasin tarihi wannan aibi ne kawai na gani. A darasin Hausa kuwa rushe tambaya yake yi, domin "kafa" da "ƙafa", da "bari" da "ɓari", da "daka" da "ɗaka", lanƙwasar ce kaɗai ta raba su. Saboda haka bai isa malami ya ga tambayoyinsa sun fito daidai a kwamfutarsa ta ofis ba. Sai ya je zauren jarrabawa ya buɗe su a kan na'urorin da ɗalibai za su zauna a gabansu. Haka batun yake ga alamomin karin sauti da tsawon wasali a kwas ɗin tsarin sauti.

Idan tambayar ta cike gurbi ce, inda ɗalibi zai buga amsa da kansa, matsalar ta ninka. Na'ura tana gwada baƙi da baƙi ne. In malami ya zuba "ƙasa", ɗalibi ya buga "kasa" ko "k'asa" don bai sami baƙin ba, za ta kayar da shi. Dole malami ya zaɓi ɗayan biyu: ko ya lissafa wa na'ura duk siffofin da zai karɓa, ko kuma, in ƙa'idar rubutu ce ake jarrabawa, a tanadi hanyar buga baƙaƙen a kuma koya wa ɗalibai ita tun kafin ranar.

Matsala ta biyu ita ce ta karin harshe. Ɗalibin da ya tashi a kan iyakar Jigawa da Bauchi kunnensa ya saba da jimla irin "ya wanke riga wa Musa", wadda Daidaitacciyar Hausa ke cewa "ya wanke wa Musa riga". In aka tambaye shi wace jimla ce daidai ba tare da an ce "a Daidaitacciyar Hausa" ba, an zalunce shi, domin a Hausar da ya ji tun yana goye duka biyun daidai ne. Ko a cikin daidaitacciyar ma akwai kalmomi masu jam'i fiye da ɗaya: "dawaki" da "dawakai", "karnuka" da "karnai", "jakuna" da "jakai". A jarrabawar takarda malami yana ganin irin wannan amsa ya karɓa. Na'ura ba ta da wannan hankali, sai abin da aka gaya mata.

Sai dai kwamfuta ta buɗe wa darasin Hausa wata ƙofa da takarda ba ta taɓa buɗewa ba, watau sauti da hoto. Ana iya sa ɗalibi ya saurari "gari" na mazauni da "gari" na tuwo ya bambance su ta karin sauti da tsawon wasali. Ana iya sa masa kiɗa ya faɗi ko kalangu ne, ko kotso, ko kuntigi. Ana iya nuna masa shafin rubutun ajami ya zaɓi yadda za a mai da shi boko. Sashen da ya koma ga kwamfuta bai yi amfani da wannan dama ba, ya ɗauki wahalarta ya bar ribarta.

4.4 Rumbun tambayoyi

Da wuya zaure guda ya ɗauki aji mai yawa a zama ɗaya, don haka akan kasa ɗalibai rukuni-rukuni. Waɗanda suka fito da safe kuwa ba za su kame bakinsu ba. Maganin wannan shi ne rumbun tambayoyi mai yawan da ya ninka abin da kowane ɗalibi zai amsa sau uku ko huɗu, manhaja ta riƙa ɗibar wa kowa nasa. Amma ɗiba barkatai tana da haɗari, domin wani zai iya dacewa da masu sauƙi, wani ya faɗa wa masu tsauri. Ya kamata a kasa rumbun gida-gida bisa batu da bisa tsauri, a umarci manhaja ta ɗebi adadi ɗaya daga kowane gida. Kafin a zuba tambayoyin, wani malami na sashen ya amsa su kamar ɗalibi, ba tare da ya ga amsoshin ba. Duk inda ya saɓa da mai tambayar, akwai abin dubawa.

5.0 RANAR JARRABAWA

Abin da ya fi yawan ɓata jarrabawar kwamfuta a wannan yanki shi ne wuta. Ba a dogara da wutar gari. Sai an tanadi janareta da mai, da batura ko na'urar hasken rana da za su riƙe babbar na'urar rarraba tambayoyi a daidai lokacin da ake sauya wuta. Ba lallai ne a dogara da intanet ba, domin ana iya haɗa kwamfutocin zaure da babbar na'urar ta waya a cikin gida. Wajibi ne manhajar ta kasance mai adana kowace amsa da zarar an danna ta, ta yadda in na'urar ɗalibi ta mutu, zai koma wata ya ci gaba daga inda ya tsaya, da sauran lokacinsa. Domin haka ake barin wasu kwamfutoci babu kowa a kansu. JAMB ta shar'anta wa cibiyoyinta kwamfuta 250 da ƙarin kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana. Ƙurar hunturu da zafin bazara su ma abokan gabar na'ura ne, don haka a gwada kowace kwamfuta kwana ɗaya kafin ranar.

Wajen tantance masu shiga, katin shaida da hoto sun fi saurin aiki, zanen yatsa kuma ya fi tsauri ga mai shiga a madadin wani. Amma zanen yatsa yakan ƙi karantuwa ga wadda ta sa lalle, da wanda aikin gona ya cinye masa fatar yatsa, kuma irin waɗannan ba su da wuyar samu a cikin ɗaliban Gwaram da Birnin Kudu. A sanar da batun lalle tun da wuri, a kuma tanadi wata hanyar tantancewa ga wanda na'ura ta ƙi. A tsara rukunoni yadda ba za su ci karo da lokutan salla ba, musamman ranar Juma'a, a kuma yi wa makafi da sauran masu buƙata ta musamman tanadinsu daban.

Daga ƙarshe, a ajiye littafin aukuwa a zaure. Duk na'urar da ta tsaya, da lambar ɗalibin da ke kanta, da lokacin, a rubuta, mai tsaro ya sa hannu. Ranar da ɗalibi ya kawo kuka, wannan littafi ne shaida.

6.0 AUNA SAKAMAKO

Makin da na'ura ta fitar ɗanye ne, bai kamata a liƙa shi a allo ba sai an auna tambayoyin su kansu. Akwai awo biyu masu sauƙi. Na farko shi ne awon tsauri: a raba adadin waɗanda suka ci tambaya da adadin waɗanda suka amsa ta. Tambayar da kusan kowa ya ci, ko kusan kowa ya faɗi, ba ta bambance kowa da kowa ba. Na biyu shi ne awon bambancewa. A jera ɗalibai bisa jimillar makinsu, a ɗebi kashi 27 cikin 100 na sama da kashi 27 na ƙasa, kamar yadda Truman Kelley ya ba da shawara a 1939, a ga yadda kowane ɓangare ya yi a kan tambayar.

Alal misali, a ɗauka ɗalibai 200 ne, watau 54 a sama, 54 a ƙasa. In 45 na sama suka ci wata tambaya, 18 na ƙasa suka ci, a cire 18 daga 45 a raba da 54, a sami 0.5, wanda ke nuna tambaya ce mai kyau. In kuwa 15 na sama ne suka ci, 30 na ƙasa suka ci, lissafin ya faɗa ƙasa da sifiri. Ma'anar wannan ita ce masu ƙoƙari sun fi faɗuwa a tambayar, kuma galibi dalilin ɗayan biyu ne: ko an zuba wa na'ura amsar da ba ita ba, ko tambayar tana da amsa biyu. Irin wannan tambaya sai a gyara amsarta a sake lissafi, ko a cire ta ga kowa.

Sai batun kintace. A tambaya mai amsa huɗu, wanda bai san komai ba zai dace da kusan ɗaya cikin huɗu. A ɗauka tambayoyi 60 ne, ɗalibi ya san 12 kacal, ya kintaci sauran 48. A bisa ƙiyasi zai dace da 12, ya tashi da 24, watau kashi 40 cikin 100, wanda shi ne makin tsira a jami'o'i da yawa. Ke nan wanda ya san kashi ɗaya cikin biyar na kwas ya haye. Akwai lissafin rage kintace, inda ake cire sulusin amsoshin kuskure daga na daidai. A wannan misali 36 ne kuskure, sulusinsu 12, sai maki ya koma 12. Amma wannan lissafi yakan cuci ɗalibi mai tsoro, wanda zai bar tambayar da ya kusa sani. In za a yi amfani da shi, a sanar da ɗalibai tun farkon zango. Abin da ya fi shi shi ne ƙarfafa amsoshin ruɗi, da cakuɗa tambayoyin cike gurbi, da hana jarrabawar zaɓi ɗaukar dukkan makin kwas.

Abin da ya faru a jarrabawar JAMB ta 2025 ya isa darasi. Bayan fitar da sakamako da koke-koken da suka biyo baya, shugaban hukumar, Farfesa Oloyede, ya fito a watan Mayu ya amsa cewa wani gyaran manhaja bai isa wasu na'urori ba, abin da ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, aka kuma sake musu jarrabawa. In haka ta sami hukumar da ta shekara goma tana wannan aiki, to sashe guda na jami'a ya fi cancantar yin hattara. Ya kamata malami ya ɗebi amsoshin ɗalibai goma ko ashirin ya duba da hannu ya gwada da makin na'ura, ya kwatanta matsakaicin makin rukunin safe da na yamma, ya kuma dubi duk ɗalibin da makinsa ya yi hannun riga da abin da ya samu a jinga da gwaji.

7.0 ABIN DA NA'URA BA TA AUNAWA

Ana koyar da Hausa a jami'a ne domin a sami wanda zai iya rubuta insha'i mai tsari, ya fassara takarda, ya feɗe waƙa ya fito da jigonta da salonta, ya tsaya gaban aji ko gaban makirufo ya yi magana mai ma'ana. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da tambayar zaɓi ke aunawa kai tsaye. Gane jimla mai kyau a cikin huɗu bai kai gina ta ba. Bugu da ƙari, ɗalibi yana karatu ne bisa yadda ya san za a tambaye shi. In ya tabbata canki-canka ce daga aji ɗaya har aji huɗu, zai haddace sunaye da shekaru, ya bar karanta littattafan kansu. Yawancin waɗannan ɗalibai kuwa azuzuwan sakandare za su koma, a Birnin Kudu da Gwaram da makamantansu, su koyar da rubutun da su ba a taɓa jarraba su a kansa ba.

Saboda haka ya kamata sashe ya raba aiki. Kwamfuta ta dace da manyan azuzuwan farko, da ɓangarorin nahawu da ƙa'idojin rubutu da tsarin sauti. Makin jinga da gwaji, wanda yakan kasance 30 ko 40 cikin 100, a bar shi ga rubutu da hannu da gabatarwa da baki. Kwasa-kwasan adabi da fassara na manyan azuzuwa kuwa a bar su ga alƙalami da idon malami.

8.0 KAMMALAWA

Wannan maƙala ta nuna cewa lokacin da kwamfuta ta rage wa malami na duba takardu, bashi ne da zai biya a wasu wurare: wajen zana taswirar jarrabawa, da gina tambayoyi masu amsa ɗaya tak, da gwada baƙaƙen Hausa a kan na'ura, da horar da ɗalibin da bai saba ba, da auna tambayoyi kafin a saki sakamako. Shawarar da za a bai wa sassan Hausa ita ce kowane sashe ya kafa ƙaramin kwamiti mai kula da rumbun tambayoyi, ya wajabta gwaji kafin jarrabawa, ya kuma hana miƙa sakamako sai da rahoton awon tambayoyi a haɗe. Su kuma ɗalibai, musamman sababbin shiga daga karkara, su nemi zauren kwamfuta tun makon farko, kada su bari sai ranar jarrabawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.